Auna tasirin mai bincike a fannin haɗa sinadaran kabon: abin da tarihin Richard Heck yake nunawa

Tambaya: Wani ɗalibi mai karatun digiri na uku a fannin kemistiri ya rubuto yana cewa: "Malam, idan ana so a san girman tasirin mai bincike a fannin haɗa sinadaran kabon da aikin katalis, shin yawan maƙalunsa da yawan ambaton da aka yi musu da ma'aunin h sun isa hujja? Na lura su ne abin da kwamitocin ƙarin girma a jami'o'inmu suka fi dubawa."

Amsa: Ba su isa ba, kodayake ba zan ce maka ba su da amfani ba. Waɗannan alƙaluma suna auna wani abu na gaskiya, wato yawan masu rubutu da suka waiwayi aikin mutum, amma suna zuwa a makare, kuma ba sa ganin mafi yawan mutanen da suke cin gajiyar aikin. A wannan fanni namu, babban abin da mai bincike yake bari a bayansa hanya ce ta haɗa sinadarai, kuma ana gane darajar hanya ne idan mutanen da ba su san mai ita ba suka ɗauke ta, suka gwada ta a kan sinadaran da shi bai taɓa tunaninsu ba, ta yi musu aiki, har suka daina neman wata. Ban san wani misali da ya fi fito da wannan magana fili kamar na Richard Heck, masanin kemistiri ɗan Amurka, ba, don haka a kansa zan gina amsar.

Sai an fara da matsalar da ya warware. Kusan duk magani da maganin kwari da rini da roba gini ne na ƙwayoyin kabon da aka ɗaure da juna, saboda haka aikin mai haɗa sinadarai kullum yana komawa ga tambaya ɗaya: yaya zan ɗaure wannan kabon da wancan, a daidai wurin da nake so, ba tare da na lalata sauran ginin ba? Tun daga 1900 akwai sinadaran Grignard, masu ɗauke da maganiziyam, waɗanda suke ɗaure kabon da kabon, amma zafinsu ya yi yawa, domin suna afka wa kusan duk wani sashe mai motsi da suka tarar a jikin sinadari, ga shi kuma ba sa jure ko ɗan danshi. Kabon da yake cikin zoben benzin kuwa, wato zobe na ƙwayoyin kabon shida, wanda ake samu a yawancin magunguna, taurin kai gare shi, ba ya yarda a musanya abin da ke jikinsa ta hanyoyin da aka saba. A nan katalis yake shigowa. Katalis sinadari ne da ake sa ɗan kaɗan, ya sauƙaƙa haɗuwar wasu sinadarai biyu, sannan ya fito yadda ya shiga ya sake kama wasu, kamar dillalin da yake haɗa mai saye da mai sayarwa ya wuce zuwa ciniki na gaba.

An haifi Heck a 1931 a garin Springfield na jihar Massachusetts a Amurka. Ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a 1954 a ƙarƙashin Saul Winstein, wanda ya shahara wajen bin diddigin yadda sinadarai suke juyawa mataki-mataki, kuma wannan tarbiyya ta bayyana a duk aikin Heck daga baya. Bayan ɗan zama a Zurich, sai ya kama aiki a kamfanin Hercules da ke Wilmington a jihar Delaware. A can ne, a 1961, shi da David Breslow suka bayyana matakan da katalis na kobalt yake bi wajen mayar da olefin, wato sinadari mai ɗauri biyu tsakanin kabon biyu, zuwa wani rukunin sinadarai da ake kira aldihaid, aikin da masana'antu suka daɗe suna yi ba tare da cikakkiyar fahimtar yadda yake gudana ba, kuma bayanin nasu har yau shi ake koyarwa. A 1968 ya fitar da maƙalu 7 a jere a mujallar Journal of the American Chemical Society, dukansu da sunansa shi kaɗai, inda ya nuna cewa wani ƙarfe mai tsada da ake kira faladiyam yana iya ɗaukar zoben benzin ya liƙa shi a jikin olefin. Sai dai hanyar tana da aibi biyu manya: tana buƙatar sinadaran zaiba, waɗanda guba ne, kuma tana cin faladiyam da yawa sai fa idan an haɗa da gishirin jan ƙarfe don farfaɗo da shi.

A 1971, shekarar da Heck ya koma Jami'ar Delaware, Tsutomu Mizoroki da abokan aikinsa a Tokyo suka wallafa gajeriyar maƙala a mujallar ƙungiyar masana kemistiri ta Japan, inda suka haɗa ayodobenzin da olefin ta amfani da ɗan faladiyam kaɗan, ba tare da zaiba ba, a cikin metanol a tukunyar matsi a zafin digiri 120. A 1972 Heck da abokin aikinsa Nolley suka fitar da tasu hanyar a Journal of Organic Chemistry, suka kuma ambaci aikin Mizoroki. Tasu ta fi sauƙin yi a kowane ɗakin gwaji: a zuba aril halaid, wato zoben benzin mai ɗauke da ayodin ko makamancinsa, da olefin da wani sinadarin amin mai kashe asid a kwalba, a sa faladiyam asitet kashi 1 cikin 100, a ɗumama zuwa digiri 100. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne Heck ya fayyace abin da yake faruwa a cikin kwalbar. Faladiyam yana kutsawa tsakanin kabon da ayodin, sai olefin ya zauna a jikinsa ya shige tsakaninsa da kabon ɗin, a nan sabon ɗauri yake ƙulluwa. Daga nan faladiyam ya zare haidirojin ɗaya daga kabon na kusa ya saki abin da aka haɗa, amin kuma ya karɓe asid ɗin da ya rage, faladiyam ya koma yadda yake tun farko. A 1974 shi da Dieck suka nuna cewa ƙara sinadarin fosfin, wanda yake manne wa faladiyam ya taimaka masa, yana sa hanyar ta yi aiki da aril buromaid, a 1975 kuma suka faɗaɗa ta zuwa dangin asetilin, a shekarar da Sonogashira da Cassar suka wallafa makamancin haka.

Yanzu ka dubi abin da ya biyo baya, domin a nan amsar tambayarka take. A 1982 Heck ya rubuta babi a jerin littattafan Organic Reactions, inda ya tattara duk misalan wannan haɗi da aka sani a lokacin, kuma shafi 45 suka ishe shi. A 1989, yana da kimanin shekara 58, ya ajiye aiki bayan ya sha wahalar samun kuɗin bincike, ya koma Fulorida, daga baya ya ƙaura zuwa ƙasar Filifins. A 2002 aka sake rubuta babi a wannan jeri, ba a kan haɗin Heck gaba ɗaya ba, a kan reshe ɗaya kawai, wato inda ɓangarorin biyu suke jikin sinadari guda su rufe zobe, kuma wannan babi ya ci shafi 377. A 2010 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Ei-ichi Negishi da Akira Suzuki, waɗanda su ma suka ƙirƙiro hanyoyin ɗaure kabon da kabon ta amfani da faladiyam, shekara 21 bayan ya bar ɗakin gwaji, ya rasu a Manila a 2015. Wannan labari yana taɓa ni ƙwarai, domin waɗanda suka duba takardun neman tallafinsa a shekarun 1980 ba jahilai ba ne. Sun auna abin da idonsu yake iya gani a lokacin, abin da yake gani ɗin kuma bai kai rabin gaskiya ba.

Jinkirin yana da dalilai na zahiri, kuma ya kamata ka san su domin suna maimaituwa a kan wasu hanyoyin. Aril ayodaid, wanda ya fi saurin haɗuwa, yana da tsada, aril kuloraid kuwa, wanda yake da araha kuma masana'antu suka fi so, ya ƙi motsi sam. Ga kuma mutuwar katalis. Duk wanda ya yi wannan aiki da hannunsa ya san yanayin: ruwan kwalba yana fara da launin rawaya mai haske, bayan ɗan lokaci a kan wuta sai ya soma duhu, can sai ka ga baƙin gari ya kwanta a ƙasa ko ya lulluɓe bangon gilashin kamar madubi. Wannan faladiyam ne da ya dunƙule ya fita daga aiki, kuma idan ka ɗiga ɗigo a farantin gwaji za ka tarar da sinadarin da ka fara da shi yana nan bai ƙare ba. Sai da wasu suka zo suka toshe waɗannan ɓaraka ɗaya bayan ɗaya. A 1984 Tuyet Jeffery ta nuna cewa ƙara gishirin amoniyam yana sa a yi aikin a zafi mai sauƙi. A 1989 Shibasaki a Japan da Overman a Amurka, kowa da kansa, suka nuna yadda za a sarrafa hanyar ta ba da siffa ɗaya daga cikin siffofi biyu masu kama da hannun dama da na hagu, abin da yake da matuƙar muhimmanci a magani. A 1995 Herrmann da Beller a Jamus suka kawo katalis mai jure zafi, a ƙarshen shekarun 1990 kuma Gregory Fu ya nuna cewa fosfin mai ƙiba kuma mai yalwar lantarki yana shawo kan aril kuloraid. A tsakanin haka manyan masu gina sinadaran halitta suka rungumi hanyar: Overman ya yi amfani da ita wajen haɗa mofin, maganin kashe zafin ciwo, a 1993, Danishefsky kuma ya rufe ɗaya daga cikin zoben taksol, maganin kansa, da ita. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka tasirin Heck ne, amma ambaton da suka jawo ya tafi ga masu su.

Wannan ya kawo mu ga raunin ƙidayar ambato. Ma'aunin h, wanda masanin fiziks Jorge Hirsch ya gabatar a 2005, yana nufin mutum yana da maƙalu h waɗanda kowace an ambace ta aƙalla sau h. Saboda haka ba zai taɓa wuce adadin maƙalun mutum ba, kuma maƙala ɗaya da ta sauya fanni gaba ɗaya maki ɗaya take bayarwa, daidai da maƙalar da ta tsallake layin da ƙyar. Mai ɗalibai 40 da yake fitar da maƙalu da yawa a shekara zai wuce mai aiki da mutum 4 ko da aikin na biyun ya fi zurfi. Sannan akwai abin da masanin zamantakewa Robert Merton ya lura da shi tun da daɗewa, cewa idan ilimi ya karɓu sosai sai a daina ambaton tushensa. Yau mai bincike zai rubuta cewa ya yi haɗin Heck ko haɗin Suzuki ba tare da ya ambaci maƙalar 1972 ko ta 1979 ba, kamar yadda ba wanda yake ambaton Grignard idan ya yi amfani da sinadarinsa. Idan ma ya yi ambato, ya fi yiwuwa ya ambaci maƙalar bita. Bitar da Suzuki da abokin aikinsa Miyaura suka rubuta a Chemical Reviews a 1995 tana cikin maƙalun kemistiri da aka fi ambata, ta kuma zarce maƙalarsu ta asali ta 1979 nesa ba kusa ba, alhali ainihin ƙirƙirar tana cikin ta 1979 ɗin.

Babban giɓin kuwa shi ne masana'antu. Masanin da yake haɗa sinadarai ɗari a wata a kamfanin magunguna ba ya wallafa yawancinsu, injiniyan da yake sarrafa ton-ton na sinadari kuma ba ya ambaton kowa. Amma a can ne ake yi wa hanya jarrabawa mafi tsanani. An yi amfani da haɗin Heck wajen sarrafa naproxen, maganin ciwo da kumburi, ta hanyar haɗa wani sinadarin naftalin mai buromin da iskar etilin, da montelukast na masu asma, da maganin ciyawa mai suna prosulfuron. Haɗin Suzuki, wanda yake amfani da sinadaran boron marasa guba sosai kuma masu jure ruwa, shi ake bi wajen losartan na hawan jini da boscalid, maganin fumfunar amfanin gona na kamfanin BASF. Kafin hanya ta kai wannan matsayi sai ta yi aiki iri ɗaya a kwalba da a tanki, sai faladiyam ɗin da take ci ya yi ƙanƙanta yadda tsadarsa ba za ta cinye riba ba, sai kuma an iya tsame ragowarsa daga maganin, domin ƙa'idar ƙasa da ƙasa ba ta yarda mai shan magani ya haɗiye fiye da maikirogiram 100 na faladiyam a rana ba. A 2016 Dean Brown da Jonas Boström suka kwatanta hanyoyin da masu neman magunguna suke amfani da su a 1984 da 2014, suka samu cewa haɗin Suzuki da Miyaura ya shiga sahun gaba tare da ƙulla amaid, wato ɗaure kabon da naitirojin. Irin wannan bincike, wanda yake ƙirga abin da mutane suke yi a teburin aiki, ya fi ma'aunin h kusanci da abin da kake son aunawa.

To idan aka ba ka takardun wani mai bincike aka ce ka faɗi ra'ayinka, shawarata ita ce ka ajiye jimillar alƙaluma a gefe tukuna, ka ɗauki maƙalunsa 3 ko 5 da ya fi alfahari da su, ka tsallake gabatarwa ka tafi kai tsaye sashen da ya bayyana yadda aka yi gwajin. Ka duba teburin sinadaran da aka gwada: idan duka zoben benzin ne masu sauƙi da aka canja musu ɗan abu kaɗan, hanyar ba ta fuskanci wahala ba tukuna, amma idan akwai zobba masu naitirojin, da sinadarai masu cunkoso, da misalan da suka ƙi yi aka kuma faɗa a fili, to marubucin yana so a yi amfani da aikinsa ne. Ka duba yawan katalis ɗin da aka sa da sau nawa kowace ƙwayarsa ta juya kafin ta mutu, ka duba ko an gwada a kan giram da yawa ko miligiram kaɗan kawai. Daga nan sai ka koma ga masu ambaton, ka buɗe kamar 20 daga cikinsu ka ga a ina aka ambace shi. Ambato a cikin jerin lambobi a sakin layi na farko gaisuwa ce kawai. Ambato a sashen gwaji, inda wani a wata ƙasa ya ce ya bi wannan hanya ya samu abin da yake nema, shi ne shaida. Idan hanyar ta fito a Organic Syntheses, wadda tun 1921 ba ta buga hanya sai an maimaita ta a wani ɗakin gwaji daban, ko a Organic Process Research and Development inda masana'antu suke bayyana yadda suka faɗaɗa aiki, ko a takardun haƙƙin mallakar fasaha na kamfanonin da ba su da alaƙa da shi, ko kuma kamfanonin sayar da sinadarai sun fara sayar da katalis ɗinsa, to ka samu hujja mai ƙarfi.

Kada kuma ka manta cewa yawan ambato ba ya tabbatar da ingancin sakamako. A 2003 Nicholas Leadbeater ya ba da rahoton haɗin Suzuki da aka yi ba tare da an sa faladiyam ba, abin ya ja hankali sosai. A 2005 shi da abokan aikinsa suka sake bincike suka gano cewa sodiyam kabonet ɗin da suke saye yana ɗauke da ɓurɓushin faladiyam, kimanin kashi 50 cikin biliyan, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin ne yake yin aikin. A wurina maƙala ta biyun ta fi ta farkon daraja, domin ta koya wa fannin gaba ɗaya cewa duk mai iƙirarin ya kawar da ƙarfe daga wani haɗi sai ya fara auna tsabtar kayansa da na'ura mai kaifi. Ƙidaya ba za ta iya bambance ambaton amincewa da ambaton gargaɗi ba, mai karatu ne kawai zai iya.

Akwai kuma batun rabon yabo, wanda yake da sarƙaƙiya a wannan tarihi. Mizoroki ya riga Heck wallafa hanyar da ba ta buƙatar zaiba, amma bai bi ta da nisa ba, ya kuma rasu a 1980, shi ya sa masu adalci suke cewa haɗin Mizoroki da Heck. Kumada da Tamao a Japan da Corriu a Faransa sun nuna haɗi da nikel tun 1972, kafin Negishi ya kawo na tutiya a 1977. John Stille, mai haɗin da ake yi da sinadaran kuza, ya mutu a haɗarin jirgin sama a Sioux City ta Amurka a 1989. Lambar Nobel ba ta wuce mutum 3 a fanni ɗaya, ba a kuma ba mamaci, don haka ita ma ba cikakken ma'auni ba ce. Sannan akwai tasirin da yake bi ta hannun almajirai: Negishi da Suzuki dukansu sun yi aiki a ɗakin gwajin Herbert Brown a Jami'ar Purdue, kuma sanin sinadaran boron da Suzuki ya koma da shi Hokkaido a Japan daga can ya samo shi. Babu wani shafin ƙidaya da zai nuna maka wannan silsila, sai ka tambayi inda ɗaliban mutum suke da abin da suke yi.

Game da kwamitocin ƙarin girma da ka ambata, na fahimci abin da ya sa suke dogara da lambobi: takardu suna da yawa, lokaci kaɗan ne, kuma lamba tana kare mutum daga zargin son kai. Amma tun 2012 aka tsara sanarwar San Francisco kan tantance bincike, wadda jami'o'i da hukumomin ba da tallafi da yawa suka sa wa hannu, tana kira da a daina ɗaukar martabar mujalla a matsayin ma'aunin ingancin maƙala ko na mai ita. Abin da kwamiti zai iya yi ba tare da wahala mai yawa ba shi ne ya nemi ɗan takara ya zaɓi ayyukansa 5, ya rubuta shafi ɗaya a kan kowanne yana bayyana matsalar da ya warware da wanda ya yi amfani da sakamakon, sannan a aika wa masana biyu ko uku na wannan reshe na kemistiri, ba na wani reshe ba, domin al'adar ambato ta bambanta ƙwarai tsakanin mai haɗa sinadarai da mai nazarin kayan batir, misali. Ga matashin da bai wuce shekara 5 ko 6 da fara aiki ba, shaidar masana'antu ba za ta samu ba tukuna, saboda haka abin dubawa shi ne ko tambayar da ya kama tana da nauyi, ko bayanan da ya bayar na tantance sinadaransa cikakku ne yadda wani zai iya maimaita aikin, da kuma ko ya yi ƙoƙarin gano dalilin da ya sa katalis ɗinsa yake aiki, bai tsaya ga ba da rahoton cewa ya yi aiki ba.